Kalmar "Tell" ta Ingilishi: Daga Ƙidaya Zuwa Magana

Ɗalibi yakan koyi aikatau "tell" tun yana firamare, a ce masa ma'anarsa "gaya" ko "faɗa", shi ke nan. Amma a tsohon Ingilishi, watau wanda aka yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, siffarsa "tellan" ce, kuma cikin manyan ma'anoninsa akwai ƙidayawa. Jamusanci, da yake dangi ne, ya riƙe shaidar sarai: "zählen" ƙirgawa, "erzählen" ba da labari. Saboda haka ne ake kiran ma'aikacin banki mai ƙirga kuɗi "teller", haka ma masu ƙirga ƙuri'a a majalisar dokokin Ingila, ba don sun fi kowa surutu ba.

Yaya ƙidaya ta zama magana? Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin harshensa ya bi hanya irin wannan. "Lissafi" ya samo asali daga "al-hisab" na Larabci, amma in Fulanin dajin Rugu sun zo gaban Sarkin Ruma a Batsari da ƙarar satar shanu, za a ce sun lissafa abin da ya same su, ko da ba su ambaci adadi ba. Mai ƙirga da mai ba da labari aikinsu ɗaya ne: jera abubuwa bi da bi, kowanne a muhallinsa. Makiyayin da yake gane saniyarsa cikin garken wani, shi ma da wannan aikatau Bature zai bayyana gwanintarsa, a ma'anar bambancewa.

Inda abin yake da hatsari shi ne wajen fassara. "Tell" yawanci yana neman wanda aka yi wa maganar, kamar "gaya". Mutumin Batsari zai ce "na gaya mashi", ko "na hwaɗa ma Audu" bisa ga Katsinanci, amma ba ya cewa "na gaya" ya yi shiru. "Ce" kuwa, kamar "say", ba lalle ne a ambaci mai sauraro ba. Alal misali, mai shaida a kotu a Safana ya ce: "Ya ce zai kashe shi." Mai yiwuwa a kasuwa ya tsinci zancen. In magatakarda ya rubuta "he told me", to, ya mai da shi wanda aka yi wa maganar baki da baki, ya ba shaidarsa nauyin da ba ta da shi, alhali kuwa ran wani ne a kan layi.

Har ila yau aikatau ɗin yakan ɗauki ma'anar umurni. Takardar da ta fito daga ofishin gwamna tana cewa an yi "telling" ɗin hakimai su tara jama'a, ba labari aka ba su ba, umurtarsu aka yi. Akawun da ya fassara ta da "an sanar da hakimai" ya sassauta abin da ba a sassauta ba, kuma shi za a tuhuma ranar da aka zo fili ba kowa.