Barewa: Makarantar da Aka Kafa Don Horar da Malamai

Da zarar an ambaci Kwalejin Barewa ta Zariya, sai a shiga lissafin manya: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutum biyar da suka riƙe ragamar Nijeriya, ga kuma Sardauna, Firimiyan Jihar Arewa. Mu ma nan Adogi, a ƙasar Lafiya, haka muke jero wa yara sunayen a aji, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma abin da ke damuna da wannan lissafi shi ne yana rufe ainihin labarin. Ba don a yaye shugabannin ƙasa aka buɗe makarantar ba. Malaman makaranta aka so a samu.

A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford. Kafin nan akwai makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a 1909 a Nassarawa ta Kano, ba tamu ta nan ba. Makarantun larduna suna ƙaruwa, masu koyarwa kuma babu, don haka aka riƙa tsamo yara ƙalilan daga kowane lardi ana kai su Katsina, su yi shekara biyar suna karatun Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. An matsa wa Turanci ƙwarai, musamman lafazi. Duk wanda ya taɓa jin muryar Tafawa Ɓalewa a tsohon faifai ya ji abin da Katsina ta shuka.

To, ina waɗannan yara suka nufa da suka gama? Aji. Ahmadu Bello ya fita a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi Sarkin Raba. Ɓalewa ya fita a 1933, ya koma Midil ta Bauci. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Daga baya Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci, Shagari kuma ya koyar da kimiyya a Sakkwato. Ko adabinmu na zamani daga wannan gida ya sami tushe, domin a gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933, Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, Malam Bello Kagara, yayan Imam kuma malami a kwalejin, ya kawo Ganɗoki. Uku ke nan cikin littattafai biyar da aka buga. A ganina wannan ya fi lissafin sarautu nauyi, amma ba kasafai ake faɗar sa ba.

Makarantar ta yi ƙaura sau biyu. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 kuma ta koma Zariya inda take har yau. Sunan Barewa sai a 1971 aka raɗa mata. Tsohon gininta na ƙasa a Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Da komawa Zariya aikinta ya sauya: ta zama sakandare sosai, mai shirya yara don jami'a da aikin gwamnati da soja, kuma a wannan zamani ne Gowon da Murtala suka zauna a ajinta. Sunayen gidajen kwanan ɗalibai su ma tarihi ne: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bello Kagara, Nagwamatse, Sulaimanu Barau. Malamai sun fi masu mulki yawa a jerin.

Mu mutanen Nasarawa muna da igiyar da ta haɗa mu da wannan labari. Marigayi 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969, sannan ya wuce Barewa ya yi shekara biyu na babbar shaidar da ake kira HSC, ya gama a 1971. Ka duba tsarin: a ɗauko yaro daga bakin iyakar Nijar a kawo shi Keffi, ya ci tuwo kwano ɗaya da ɗan Tibi da ɗan Eggon da ɗan Alago. Shi ma da ya je Jami'ar Ahmadu Bello Kemistiri ya karanta haɗe da koyarwa, kuma ya koyar kafin ya shiga siyasa.

Waccan HSC ta tafi. Tsarin 6-3-3-4 da aka shigo da shi a 1982 ya raba sakandare gida biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, kuma a kansa Barewa take tafiya yau a hannun gwamnatin Jihar Kaduna, makarantar kwana ta maza. A ƙaramar sakandare kowa darasi ɗaya yake ɗauka. A babba ne hanya ke rabuwa. Ɗan ajin kimiyya zai rungumi Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ɗan ajin fasaha yana da adabi da tarihi da ilimin gwamnati da addini da Hausa ko Larabci. Mai son kasuwanci kuma ga akanta da tattalin arziki. Turanci da lissafi dole ne a kan kowa. A ƙarshe a zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO, sannan JAMB. Ba kiredit biyar har da Turanci, ba jami'a.

Abin lura a nan: wannan manhaja ita ce dai ake bi a sakandaren gwamnati ta kowane ƙauye, daga Adogi har Asakiyo. Takarda ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce. Bambancin yana wurin wanda zai tsaya gaban allo. Na taɓa aiki a wata makaranta inda malami guda yake ɗauke da Fiziks da Kemistiri da lissafi, yara kuma ba su taɓa kayan gwaji ba sai ana saura mako jarrabawa. Ita kanta Barewa, tsofaffin ɗalibanta na ƙungiyar BOBA sun sha kai mata ɗauki wajen gyara. Suna ba ya koyar da kowa.

Yanzu muna da jami'ar tarayya a Lafiya tun 2011, ga ta jiha a Keffi, ga kwalejin ilimi a Akwanga. Ƙofofin sun matso kusa, saura yaran da za su shige su. Saboda haka, ya kai uban yara, in an gama cire doya an sami kuɗin rajista, kada ka tsaya a ofishin shugaban makaranta. Ka nemi a nuna maka malamin lissafi da na Turanci, ka tambayi aji nawa kowannensu yake ɗauka. In kuma ɗanka mai ƙoƙari ya ce koyarwa yake so, kada ka hana shi.