Lalacewar Daɓen Makewayi da Hanyoyin Gyara Shi

Gabatarwa

Makewayi, wanda ake kuma kira bayan gida ko banɗaki, shi ne wurin da Bahaushe ya keɓe a cikin gidansa domin wanka da biyan buƙata. Babu wani sashe na gida da ke shan ruwa kullum kamarsa, amma kuma sau da yawa shi ne ake bari a baya idan aka tashi gyara. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ruwa ke lalata daɓen makewayi da matakan gyara shi. Za a ɗauki misali daga Janfalan, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Ikara a Jihar Kaduna, da maƙwabciyarta Maƙarfi, inda ake samun gidajen ƙasa da na siminti a jere da juna.

Yadda Ake Gina Daɓen

A ginin gargajiya, idan an haƙa ramin salga, sai a jera azara ko wasu itatuwa masu ƙarfi a bakinsa, a ɗora ƙasa a kansu, a bar 'yar kafa a tsakiya, sannan a daɓe. Mata su ne gwanayen daɓe. Sukan zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da maɓuɗin hannu na itace, wato madaɓi, har ƙasar ta kama. Wurin wanka yakan kasance a gefe, ruwansa ya bi ta rariya ya faɗa kwatami a bayan katanga. Abin lura a nan shi ne, daɓen da ke kan salga tamkar rufin soro yake, domin itace ne ke riƙe da shi, ƙarƙashinsa kuwa rami ne.

Abubuwan da ke Jawo Lalacewa

Na farko shi ne kwanciyar ruwa. Idan daɓe ba shi da gangara, ko rariya ta toshe, ruwan wanka zai tsaya ya riƙa tsatsafowa cikin ƙasa. Na biyu, tururin da ke tasowa daga ramin yana jiƙa itacen ta ƙasa. Masana sun nuna cewa idan danshin da ke cikin itace ya wuce kashi 20 cikin 100 kuma ya daɗe a haka, funfuna kan samu damar cin sa har ya ruɓe. Azarar giginya ta shahara wajen jure wa gara, amma duk da haka danshin yau da gobe yana raunana ta, musamman bakinta da ke binne cikin ƙasa. Na uku shi ne ruwan sama. A wannan yanki damina kan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta, ga shi kuma yawancin makewayai ba su da rufi. Na huɗu, shafa siminti siriri a kan daɓen ƙasa. Simintin yakan tsage, ruwa ya shige, ya kuma kasa fita, sai ɓarnar ta ci gaba a ɓoye. Dama Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamomin Lalacewa

Mai gida mai lura zai ga daɓe ya lotsa ta tsakiya, ko ya tsattsage a kewayen bakin salga. Zai ga gansakuka ta fito, gindin katanga ya yi laushi yana zubar da ƙasa. Idan ya ƙwanƙwasa siminti ya ji yana amo kamar ganga, to ƙarƙashinsa ya zaizaye. Duk daɓen da ke motsi idan an taka shi, wajibi ne a hana kowa shiga nan take, musamman yara da tsofaffi, domin ruftawa cikin salga na iya zama sanadin rasa rai.

Matakan Gyara

Tushen gyara shi ne gano hanyar da ruwa ke bi. Wanda ya liƙe tsaga bai kawar da ruwan ba, ya yi aikin baban giwa. Ga matakan da ya kamata a bi:

1. A dakatar da amfani da wurin, a buɗe rariya, a yashe kwatami. Idan akwai bututun famfo, a duba ko yana yoyo.

2. A kira magini ya ɓamɓare daɓen har ya kai ga itace. A soka wa kowace azara tsinin wuƙa. Wadda wuƙa ta shige ta cikin sauƙi ta ruɓe, sai a cire ta baki ɗaya. Kada kowa ya shiga ramin, saboda iskar cikinsa tana iya shaƙe mutum.

3. A bar wurin ya bushe sarai. Saboda haka rani ya fi dacewa da wannan aiki.

4. Idan bakin ramin ya zaizaye, a ɗaure shi da bulo ko dutse. Idan kuwa ramin ya kusa cika, gara a binne shi a haƙa sabo.

5. Mai hali ya zuba murfin kankare mai rodi. Akan haɗa kwano 1 na siminti da 2 na yashi da 4 na tsakuwa, a riƙa jiƙa shi har kwana 7 domin ya yi ƙarfi.

6. A ba daɓen gangara zuwa rariya, kimanin santimita 2 a kowace mita, a kuma ɗaga shafen siminti ya hau gindin katanga kamar taki ɗaya.

Dangantakar Gyara da Lafiya

Lalataccen makewayi ba ginin kaɗai yake cutarwa ba. Ruwan da ke tsiyaya daga gare shi yana iya kaiwa ga rijiya, don haka masana tsafta ke ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya. A shekarar 2021, cutar amai da gudawa ta halaka mutane fiye da 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa, kuma gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyar yaɗuwarta. Kwatamin da ruwa ya kwanta a cikinsa kuma matattarar sauro ne.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ruwan da ya rasa mafita shi ne ke ruɓar da itace ya kuma rusa daɓe. Ya kamata magidanci ya raba wurin wanka da bakin salga, ya share rariya a kai a kai, sannan ya duba makewayinsa kowace bazara kafin ruwa ya sauka. Kuɗin buhun siminti ɗaya a kan lokaci ya fi sauƙi a kan sake katanga ko jinyar wanda ya rufta.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai huɗu da ke lalata daɓen makewayi.
2. Yi bayanin ma'anar waɗannan kalmomi: azara, makuba, rariya, kwatami.
3. Rubuta insha'in bayani a kan yadda ake daɓe a garinku.