Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kanikawan Ogzilari a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya kankama, akwai wata irin mota da ke yawan shigowa garejojin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: tsohuwar jif, ta sha taɓo har madubi, igiyar da aka jawo ta da ita tana nan ɗaure a gaba. Mai ita ya fito yana huci. Gona ya je wajen Tudun Wada, ko kuwa amarya ya kai wani ƙauye bayan Rano. Hanya ta jiƙe, ya ja ɗan guntun liban nan na gefen giya yana taƙama, sai tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa ko gezau. Ƙarshenta samarin ƙauye ne suka fitar da shi, bayan an yi cinikin ladan turi.

Ogan gareji ba ya ɗaukar sifana tukuna. Tambaya yake fara yi: "Alhaji, yaushe rabonka da saka ogzilari?" Amsar ba ta wuce "tun daminar bara", ko kuma "wallahi tun da na saye ta ban taɓa ba". To, daga nan an san rabin ciwon.

Ogzilari shi ne sunan da direbobi da kanikawa ke kiran giyar da ke sa tayoyi huɗu su yi ja tare. A yawancin tsofaffin motocin daji, bayan babban giyabos akwai wani ƙarami manne da shi, wanda ke raba ƙarfin inji gida biyu: farfela ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba. A kan libansa an rubuta 2H, 4H, N da 4L. A 2H baya kaɗai ke ja, nan ne zaman motar a cikin gari. A 4H gaba ya shigo aiki. A 4L kuwa gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ninka wajen sau biyu, don hawan dutse ko fita daga yashi. Wannan ta ƙarshe ba a saka ta sai an tsaya cak an taka kuloci.

Motocin da ke kawo wannan aiki sanannu ne. Akwai Hilux, wadda mai ogzilarinta ta fito a 1979. Akwai Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da samfurin 80 na 1990. Ga Pajero ta Mitsubishi da ta fito a 1982. Jefi-jefi kuma tsohuwar Land Rover. Ƙarfinsu ba a baki yake ba. Faɗan da aka yi tsakanin Chadi da Libiya a 1987 har Yaƙin Toyota ake ce masa, saboda irin ɓarnar da sojojin Chadi suka yi a kan waɗannan a-kori-kura cikin hamada. Amma motar da ta iya hamada, zaman Kano na iya kashe mata ogzilari. Daga titin Zariya zuwa Court Road, daga shataletalen Dangi zuwa titin Maiduguri, kwalta ce shimfiɗe, ba tudu ba gangare. Wata goma sha ɗaya liba yana zaune a 2H, giris yana haɗuwa da ƙurar hunturu yana daskarewa, roba tana tsagewa da zafin bazara, ɓera yana gaigayar waya. Ranar da aka neme shi sai ya ce bai san zancen ba.

Gwanintar wannan sana'a ba a kwance giyabos take ba, domin kowane yaro mai ƙarfin hannu zai iya sauke shi. Gwani shi ne wanda zai gano inda ƙarfin inji ya yanke kafin ya kwance noti ɗaya. Don haka daga waje yake farawa, daga mai araha zuwa mai tsada.

Farko ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko farfelar gaba tana nan ma. Ba wasa ba ne: sau da yawa wanda ya riƙe motar a baya ya cire ta saboda tana ƙara, ya sayar da motar a haka, sabon mai ita bai taɓa durƙusawa ya duba ba. In tana nan, sai a kashe inji, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da dutse, yaro ya shimfiɗa kwali ya shige. Liba yana 2H, makullan tayoyin gaba suna buɗe, ya kama farfela ya murɗa: za ta juya salin-alin. Oga ya ja liba zuwa 4H, ya ce, "Sake murɗawa." In ta cije, ƙaramin giyabos lafiyarsa ƙalau, an huta da babban kashe kuɗi. In har yanzu tana juyawa, to ko dai liba ba ya kai saƙo ciki, ko cokalin da ke tura haƙori ya cinye.

Daga nan sai a koma kan tayoyi. A cibiyar kowace tayar gaba ta tsofaffin Hilux da Land Cruiser akwai makullin da ake murɗawa da hannu, gefe guda an rubuta FREE, ɗaya gefen LOCK. Direbobi da yawa ba su ma san aikinsa ba, sai su ja liba su bar shi a buɗe, farfela ta yi ta juyi a banza. A mayar da liba 2H, a kulle duka biyun, a ɗaga taya ɗaya da jak, a juya ta da hannu. In farfela ta bi ta, alhamdu lillahi. In taya ta juya ita kaɗai, akwai makullin da bai kama ba, ko kuwa sandar aksul ta karye. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, makulli ɗaya in ya ƙi, gaban motar gaba ɗaya ya mutu, domin ƙarfin da ya shiga aksul halin ruwa gare shi, inda ya fi sauƙi yake bi. Maganin sau tari bai wuce a buɗe murfin ba, a wanke sifirin da haƙoran da kananzir, a shafa giris kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne ilimin: yaron da ya cusa giris da yawa don ya burge oga, shi ma ya hana makullin motsi.

Motocin da suka biyo baya sun zo da nasu salon. A Pajero ta 1991 zuwa sama, da wasu Hilux na wancan zamani, an daina sa direba ya sauko cikin taɓo ya murɗa makulli. Zuƙar iska ce ke haɗa aksul ɗin gaba ta cikin wasu siraran tiyo na roba. A nan ne ake ganin fitilar tayoyin gaba a dashbod tana ta ƙyaftawa ta ƙi tsayawa. Bakanike ya zare tiyo, ya ɗora yatsa a bakinsa inji yana aiki, ya ji ko yana zuƙa. A injin dizal irin 4D56 na Pajero ko 3L na Hilux, famfon da ke samar da wannan zuƙa a bayan altaneta yake, shi ya sa wani lokaci ciwon ogzilari kan fara ranar da aka canja altaneta aka manta tiyo a saɓule. In iska tana nan, sai a kira mai wayarin ya bi fiyus da ƴan makunnan da ke jikin ƙaramin giyabos. Wata rana ma ogzilarin yana shiga sarai, makunnin da ke ba fitila labari ne ya mutu. Mai gaskiya zai faɗi haka ya karɓi ɗan abin da ya samu. Marar tsoron Allah ya ce a kawo kuɗin giyabos.

Akwai kuma kukan da ya saɓa da wannan: ogzilari ya shiga ya ƙi fita. Mutum ya fito daga hanyar ƙasa ya hau kwalta bai cire ba, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kwana, liba ya ƙame kamar an yi masa walda. Dalili shi ne a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, ogzilari kuma ya ɗaure su wuri guda. A kan ƙasa taya takan ɗan zame ta huce, kwalta kuwa ba ta saki. Ba a yi masa da ƙarfi. A ja da baya ƴan taku a miƙe, ko a sauka gefen hanya, sai ya saki da kansa. Haka ma in tayoyin ba girmansu ɗaya ba, abin da ya zama ruwan dare tunda tayar Beljiyam ɗaya-ɗaya ake sayenta. Sannan duk motar da ta ratsa kogi, a buɗe notin mai a duba: in ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, boris yana kan hanyar tafiya.

In ta kama sai an sauya kaya, Ƙofar Ruwa ake nufa. Yaro ya hau babur da tsohon ƙarfen a leda, domin a wannan harka ba a saye da suna kawai; sai an ɗora tsoho a kan wanda za a saya, an ƙirga haƙora. Kanikawa da yawa sun fi yarda da na Beljiyam da aka ciro daga jikin wata motar a kan sabo fil na kwali da ba a san asalinsa ba. Wannan aike ma darasi ne. Yaron da mahaifinsa ya kawo ya damƙa wa oga, da wankin noti da miƙo sifana yake farawa, ya shekara yana kwance a kan kwali kafin a bar shi ya buɗe makulli shi kaɗai. Kafin a yaye shi, kunnensa ya rarrabe ƙas-ƙas ɗin da gaɓar aksul ke yi a kwana da gurnanin boris da ya rasa mai.

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu masu jif kan zo da kansu su ce a cire musu farfelar gaba don mota ta rage sha. Bakanike na ƙwarai yakan ce, "Ranka ya daɗe, in makullanka suna buɗe, ai farfelar ba ta ma juyawa, me za ta sha?" Wanda ya ji, ya tsira da motarsa. Wanda ya nace, a cire masa, a kuma sa ran ganinsa da igiya a gaba.

Shawarar da suke sallamar kowa da ita ba ta cin ko kwabo, kuma littafin da Toyota ke haɗowa da motar ma ya faɗe ta: a yi tafiyar kamar kilomita 16 da ogzilari kowane wata, don mai ya zagaya. Hanyar ƙasa ba ta yi wa Kano wuya ba, da an ɗan fita bayan Unguwa Uku an same ta. Alhajin da aka gyara wa yakan gyaɗa kai ya ce in sha Allahu zai kiyaye. Oga ya amsa da "Allah ya sa", ya kwance igiyar nan daga gaban motar, ya naɗe ta, ya saka masa a but.