Wahalar Neman Mai Duba Kundi A Tsakanin Likitocinmu

Wata ranar Juma'a da daddare, bayan an idar da sallar isha'i, ɗiyar yayata ta yi sallama gidana ɗauke da ƙunshin takardu. Likita ce, tana neman ƙwarewa a fannin haihuwa da cututtukan mata a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Arewa. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Kawu, ka taimaka ka duba mini Hausar wannan takardar tambayoyi, don na fara zargin akwai abin da bai daidaita ba." Ni ba likita ba ne, kimiyyar harshe na karanta kuma ita nake koyarwa, amma kafin in kai ƙarshen shafi na biyu na gane cewa matsalar ta wuce ta fassara. Takardar ta bi ta hannun manyan malamai biyu, kowanensu ya sa hannu, kuma babu alamar ɗayansu ya karanta ta.

Bari in ɗan yi wa mai karatu shimfiɗa. Likitan da ya gama jami'a, ya yi shekarar horon asibiti da ta hidimar ƙasa, idan yana son zama ƙwararre sai ya shiga horo na musamman a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kuma ɗaya daga cikin takwarorinta na Afirka ta Yamma. Jarrabawar hawa uku ce, kuma a hawan ƙarshe wajibi ne ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban masu jarrabawa. Kafin ya yi wa majiyyaci ko da tambaya ɗaya, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinsa ya amince, sai kuma kwaleji ta karɓi tsarin binciken. Babu matakin da za a taka a ciki ba tare da sa hannun mai duba aiki ba. Da yake sau biyu ake zaman jarrabawa a shekara, wanda sa hannun malaminsa ya makara da mako guda, ya yi asarar wata shida ke nan.

To, yaya ake samun mai duba aikin? A takarda, sashe ne ke haɗa ɗalibi da malami. A zahiri kuwa, sau da yawa ɗalibi ne ke bin ofis-ofis yana roƙo, kuma idonsa ba ya sauka sai a kan wanda ya fi kowa suna. Haka ita ma wannan 'yar tawa ta yi. Ta nufi wani farfesa da ake ji da shi a ciki da wajen ƙasar nan, bisa tunanin cewa sunansa kaɗai ya isa ya tsare mata kundi ranar karewa. Ya karɓe ta hannu biyu-biyu, ya kuma haɗa ta da wani abokin aikinsa a matsayin mataimaki. Daga nan sai zarya. Yau yana taro a Abuja, gobe yana ba da jarrabawa a Ibadan, jibi yana ɗakin tiyata. Mataimakin kuma, saboda girmama na gaba, ba ya cewa uffan sai ya ji ta bakin farfesa. Tsarin bincikenta ya yi wata huɗu a kan teburi, ranar da aka dawo mata da shi kuwa babu gyaran ko waƙafi, sai sa hannu a shafin farko. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Duniya na amfana da ilimin wannan bawan Allah, amma ɗalibar da ke gindinsa rana take sha.

Ga abin da na gani a takardar. Binciken nata a kan wata cuta ce da ke kama mahaifa da kewayenta, wadda likitoci ke da ƙayyadadden suna da alamomi gare ta. Wanda ya yi fassarar, wani ma'aikacin sashen ne da aka ce "yana jin Hausa", sai ya mayar da sunan cutar "ciwon sanyi". Duk wanda ya zauna da matanmu ya san faɗin wannan kalma. Ciwon mara sanyi ne, ciwon baya sanyi ne, ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon gaɓoɓi sanyi ne, har jinkirin haihuwa wasu kan jingina shi ga sanyi. Saboda haka kusan duk matar da aka tambaya sai ta ce ai kuwa ta taɓa yi. Abin da ya tayar wa likitar hankali ke nan, amsoshin sun yi yawan da hankali ba zai ɗauka ba. Kuma ba wannan kalma kaɗai ke da irin wannan tarko ba. "Basir" a bakin Bahaushe ya fi abin da likita ke nufi faɗi nesa ba kusa ba, "shawara" na iya zama ta jariri ko ta babba, "hawan jini" kuwa wani ɓacin rai yake nufi da shi. Ƙa'idar da masu bincike suka sani ita ce, a fassara takarda zuwa Hausa, a ba wani dabam ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asali ba, a gwama biyun, sannan a gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a fita fili. Malamin da ya karanta aikin ɗalibinsa ba zai bari a tsallake wannan ba. Aikin wata biyar, na bin mata a layin awo da ɗakin jinya bayan kwanan asibiti, haka ya tafi a banza.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne na 'yan boko. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Kano wanda ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Babban abin da aka yi ta jayayya a kansa shi ne ko iyayen sun fahimci cewa gwaji ake yi, har sai da aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. A ƙasar da ta ga haka, takardar neman amincewar majiyyaci ba abin da malami zai sa wa hannu ido rufe ba ne.

Sai dai kuma adalci ne a faɗi halin da malaman suke ciki. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar. Ba ƙanana kaɗai ke tafiya Ingila da Saudiyya ba, har da waɗanda suka isa duba kundi. Wanda ya rage shi ne a asibiti, shi ne a aji, shi ne a kwamiti, ga kundaye jibge suna jiransa, kuma ba a rage masa komai daga sauran ayyukan don yana duba su. Ni kaina ba zan wanke hannuna ba, domin babin wani ɗalibina ya taɓa yin wata uku a bayan motata, kuma har yau ina jin kunyar abin. To idan mu da ba mu da majiyyata muna haka, ina ga wanda za a tasa ƙarfe biyun dare?

Shi ya sa shawarar da nake ba duk likitan da ya zo wannan gaɓa ita ce, ya daina yi wa rogo kallon kitse. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ya je ɗakin karatu na sashe ya ɗauko kundayen shekaru biyar da suka wuce, ya ga sunan wa ke kan waɗanda aka kammala. Ya nemi waɗannan ɗalibai ya tambaye su a keɓe: kwana nawa babi ke yi kafin ya dawo, kuma in ya dawo, da jan biro ko fari fat? Ya duba ko malamin ya taɓa rubutu a kan abin da shi ɗalibin ke son bincikawa, domin wanda batu ya dama shi ne ke samar masa lokaci. Sannan, cikin ladabi, ya tambaye shi ko yana da niyyar tafiya hutun bincike ko barin aiki nan da shekara biyu. Tambaya ce mai nauyi a al'adarmu, na sani, amma ta fi sauƙi a kan mutum ya wayi gari ya ji malaminsa yana Jidda. Su kuma sassa, ba zai ci musu ko kwabo ba su liƙa sunayen malamai da fannin kowa da adadin ɗaliban da ke hannunsa, su kuma buɗe hanyar sauya mai duba aiki ba tare da an mayar da abin gaba ba. A yanzu, ɗalibi ya gwammace ya yi asarar shekara da a ce ya raina babba, alhali gobe wannan babban ne zai rubuta masa takardar shaida.

Ita dai 'yar tawa ba ta sauya farfesa ba, don ba ta ga fuskar yin haka ba. Shugabar sashensu ce ta yi dabara ta ƙara mata wata matashiyar malama da ba ta daɗe da samun ƙwarewa ba, a matsayin mai taimakawa. Cikin kwana tara wannan baiwar Allah ta dawo mata da babi biyu, babu shafin da jan biro bai taɓa ba. Muka zauna mu uku a ofishinta muka cire "ciwon sanyi", muka maye gurbinsa da tambayoyi huɗu, kowace a kan alama ɗaya, aka gwada su a kan mata goma, aka sake mayar da takardar gaban kwamitin ɗa'a. Zaman jarrabawa ɗaya ya riga ya wuce ta, yanzu na gaba take hari.