Daga raga zuwa cikakken jiki: matsalar bin sawun ƙira a tsarin CAO

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu duba halin da ake shiga idan wani ƙarfen inji ya lalace, zanensa na asali ya ɓata, kuma ana bukatar a ƙera irinsa. Wannan aiki shi muke kira bin sawun ƙira. Na'urar awo mai hasken laza tana ɗaukar dubban ɗigo a jikin ƙarfen, sannan a haɗa su uku-uku su zama raga ta alwatika. Galibi ana adana ragar a tsarin STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987.

2. Inda matsalar take

Raga ba ta ɗauke da komai sai alwatika. Shi kuwa zanen ƙira da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato CAO a taƙaicen Faransanci, yana bayyana jiki ta fuskokinsa: shimfiɗa, silinda, mazurari, ƙwallo, da lanƙwasassun fuskoki irin waɗanda De Casteljau na Citroën da Bézier na Renault suka aza harsashin lissafinsu.

Mu ɗauki rami mai faɗin milimita 100 wanda raga ta kewaye da gefe 36. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar kowane gefe da da'irar gaskiya ita ce R(1 − cos 5°), wato kusan milimita 0,19 tunda R milimita 50 ne. Alhali ma'aunin ISO na H7 bai yarda da saɓanin da ya wuce milimita 0,035 a irin wannan rami ba. Saboda haka idan aka mayar da kowace alwatika fuska guda aka ɗinke su, an samu jiki a suna kawai: ramin ba shi da tsakiya, ba a kuma iya sauya faɗinsa.

3. Matakan aiki

Na farko, a tsabtace ragar, a toshe ɓarakarta. Rufaffen jikin da rami bai ratsa ba dole ya cika ƙa'idar Euler: tsinaye − gefuna + fuskoki = 2. Na biyu, a rarraba ragar yanki-yanki bisa lanƙwasarta. Na uku, a daidaita wa kowane yanki siffar da ta fi kusa da shi. Dabarar RANSAC ta Fischler da Bolles, ta 1981, tana taimakawa wajen watsar da ɓatattun ɗigo. Na huɗu, a haɗa fuskokin a mahaɗarsu, a adana jikin a tsarin STEP, wato ISO 10303 na 1994, a kuma gwada shi da ragar farko.

4. Kammalawa

A ganinmu, babban aiki yana tsakanin mataki na uku da na huɗu. Idan awo ya ba da 99,8, shin mai ƙira 100 ya nufa, ko kuwa 99,8 ɗin ne daidai? Idan sanda ta kasa faɗinta, gogayya ce ta cinye ta ko haka aka zana ta? Kwaikwayon ƙarfen da ya zaizaye kwaikwayon lalacewarsa ne. Na'ura tana auna abin da ke nan, amma gano nufin mai ƙira aikin injiniya ne, shi ne kuma ya kamata mu fi horar da ɗalibanmu a kai.