Gobarar Kogin Kwango: Laifin Mai Girki Ne, Ko Na Rashin Kuku?

A watan Afrilun 2025 wani jirgin katako mai suna HB Kongolo ya kama da wuta a kusa da Mbandaka, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Mutum fiye da 140 suka riga mu gidan gaskiya, wasu a cikin wutar, wasu kuma sun faɗa kogi ba su iya iyo ba. Bayani guda kafafen labarai suka yi ta maimaitawa: wata mata ce ta hura garwashi za ta ɗora tukunya, ga fetur a kusa da ita. Mai jin wannan sai ya ce ai ganganci ne, a hana girki a jirgi kowa ya huta. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Daga Kinshasa zuwa Kisangani kusan kilomita 1,700 ne ta ruwa, kuma a jiragen dakon kaya tafiyar takan ci makonni. Ƙasar ba ta da titunan kwalta da za su ɗauke wa kogin wannan nauyi. Wane guzuri ne zai yi mako uku a wannan zafi da damshi bai lalace ba? Dole a hura wuta a kan ruwa. Abin tambaya shi ne wa zai hura ta, kuma a ina.

Amsar da masu jiragen da suka san aikinsu suka daɗe da bayarwa ita ce kuku. Mutane na yi masa kallon mai juya ludayi kawai, alhali shi ne mai riƙe da wutar jirgi gaba ɗaya. Tun kafin asuba yake tashi, a ɗan lungun da bai fi ya juya jikinsa ba. Ba ya cika tukunya har baki, don igiyar ruwa ɗaya ta isa ta watsa wa mutum tafasasshiyar miya. A ƙananan jiragen Kogin Neja na ƙasar Mali, murhun yumɓu ake girkawa a cikin jirgin, don kada garwashi ya taɓa katako. Inda babu firji, kasuwar kuku ita ce kogin kansa: masunta su matso da kwale-kwale, su kama gefen jirgi yana tafiya, ya ɗaga kumatun giwan ruwa ya duba ko da sauran ja, a yi ciniki a tsaye kafin ruwa ya raba su. Idan jirgi ya kafe a kan yashi kwana biyu, shi zai san yadda shinkafar da ta rage za ta kai kowa tasha ta gaba. Shi ne kuma mai tafasa ruwan sha, abin da ke tsakanin fasinjoji da amai da gudawa. Mutumin da ke wannan aiki kullum ya san inda iska ke kaɗawa, ya san inda jarkokin mai suke, kuma yana da bakin da zai ce wa fasinja, “Baba, kashe wutar nan.”

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan sana'a ta taɓa kafuwa a manyan kogunan Afirka, sakaci ne ya kashe ta. A Kwango, hukumar sufuri ta OTRACO da aka kafa a 1935, wadda ta koma ONATRA a 1971, ta gudanar da manyan jiragen ƙarfe masu ɗakunan kwana da kicin da wurin cin abinci. A Mali, jiragen kamfanin COMANAV sun yi shekaru suna zirga-zirga daga Kulikoro zuwa Gao lokacin cikar ruwa, ta Segu da Mopti da mashigar Tambutu, kuma kuɗin abinci na cikin tikitin manyan ajujuwa. Mu ma nan Najeriya ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Ta ruwa aka kawo kayan shimfiɗa layin dogon Baro zuwa Kano, wanda ya iso Kano a 1911, kuma jirage masu tururi sun riƙa tasowa daga Burutu su ratsa Lakwaja, su bi Binuwai har Yola da Garwa idan damina ta cika kogi. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da mai ciyar da ma'aikata. Ba yabon Turawan mulkin mallaka nake yi ba. Don kwashe kaya suka tsara abin, talaka kuma a fili yake kwana. Amma da manyan jiragen suka ruɓe a bakin tasha, na katako suka maye gurbinsu, sai wuta ɗaya da ke da mai kula da ita ta rarrabu ta zama kurfoti barkatai a tsakanin buhuna da jarkoki.

Doka ma ta juya wa kogi baya. Tun 1946 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya kan takardar shaidar kukun jirgi, kuma ta 2006 ta wajabta ƙwararren kuku, ɗan shekara 18 zuwa sama, a jirgin da ma'aikatansa suka kai goma. Sai dai jiragen teku take nufi. Jirgin kogi mai ɗauke da ɗaruruwan rayuka bai shiga ciki ba.

Za a ce ainihin mai kisa lodi ne fiye da kima da rashin rigar kariya. Gaskiya ne, kuma haɗurran da muka gani a Wara ta Jihar Kebbi a 2021 da Patigi a 2023 ba su da alaƙa da girki. Amma rigar kariya tana aiki ne bayan abu ya riga ya ɓaci, kuku kuwa kafin nan yake aiki. Za a kuma ce mai jirgi ba shi da kuɗin albashi, ga mata masu sayar da abinci da za a raba da sana'arsu. Ba sai an kori kowa ba. Su matan ai sun fi kowa iya aikin. A ware musu gefe guda nesa da mai, a shimfiɗa kwano da yashi, a rataye abin kashe gobara, a ɗora wa ɗaya daga cikinsu alhakin wutar. Kuɗin wannan bai kai na duro guda na fetur ba.

A Najeriya an ƙaddamar da yashe Kogin Neja a 2009, an buɗe tashar Baro a 2019, kuma har yau maganar da ake yi ta siminti ce da ƙarafa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lakwaja ta sani cewa ranar da jirage suka koma kwana a kan ruwa, ranar za a fara hura wuta a cikinsu. Ta rubuta ƙa'idar kicin da horar da kuku tun yanzu, kada ta jira sai mun yi tamu Mbandakar.