Ben Enwonwu: Wuyan Tutu da Rawar Dodanni

Duk wanda ya tsaya gaban zanen Ben Enwonwu, to ya fara duba wuya. Fuska za ta jira. A wuya da kafaɗa da gantsarwar baya mutumin nan yake ajiye maganarsa, kuma wanda bai lura da wannan ba ya wuce rabin aikin bai gani ba.

An haife shi a Anacha a 1917, ya rasu a Legas a 1994. Mahaifinsa masassaƙi ne, don haka hannun yaron ya saba da gizago kafin ya san buroshi. Ya yi karatu a hannun Kenneth Murray, Baturen da ya koyar da zane a kwalejojin gwamnati, daga baya ya tafi makarantar Slade a Landan. Batun haɗa launi da auna nisa da kusa a kan ƙyalle duk ya koye su a can kamar kowane ɗalibi, ba sai mun tsaya a kansu ba. Abin da ya bambanta shi da abokan karatunsa daga gida ya taho da shi.

A ƙasar Ibo akwai dodon da ake kira Agbogho Mmuo. Maza ne ke shiga cikinsa, su sa fuskar katako fara fat mai siririn hanci da tulin kitso a ka, da matsattsiyar riga mai launi barkatai, su yi rawa suna kwaikwayon kyan budurwa. Enwonwu ya yi ta zana dodannin nan har tsufansa, haka ma jerin zanen da ya kira Africa Dances. Dubi yadda yake yi da mai rawa: ya ja hannu ya wuce tsawonsa na gaskiya, ya lanƙwasa baya kamar baka, ya bar ƙafafu suna narkewa cikin ƙurar fili. Sau da yawa jikin baƙi ne wuluk, ba ido ba baki, an ɗora shi kan haske mai ruwan ɗorawa ko ja. Da fentin ruwa mai kauri yake yin da yawa daga cikin irin waɗannan, saboda yana bushewa da wuri, hannu bai samun damar yin nawa.

A nan ne masu cewa "ai bai iya auna jiki ba" suke ba ni haushi. Mutumin da Sarauniya Elizabeth ta zauna masa ya ƙera mutum-mutuminta na tagulla a 1957, shi ne bai san tsawon hannun ɗan Adam ba? Ya sani sarai. Ra'ayin cewa gwanin zane shi ne wanda aikinsa ya fi kama da hoton kyamara ya daɗe yana ɓata wa mutane kallo. Kyamara tana tsayar da mai rawa cak. Shi kuwa Enwonwu so yake hannun da ke sama ya nuna inda ya fito da inda za shi, kuma ba a samun haka sai an ƙara masa tsawo. Har a kan mutum-mutumin Sarauniyar ma sai da wasu a Ingila suka ce ya sa mata kamannin Afirka.

Sai Tutu. Bayan yaƙin basasa, a 1971, ya zama farfesan zane a Jami'ar Ife. A garin ya ga Adetutu Ademiluyi, jikar wani tsohon Ooni, wato sarkin Ife, ya sha fama kafin danginta su yarda ta zauna masa. Ya zana ta sau uku tsakanin 1973 da 1974, da fentin mai. Ta ɗan juya, tana kallon gefe, da ɗaurin kai, da mayafi a kafaɗa. Bayanta duhu ne, hasken kuma ya sauka a goshi da kunci ya gangaro ta wuya. Wuyan nan ya fi na mutum tsawo kaɗan, kaɗan ɗin da ba ka ankara da shi sai ka sake dubawa, kuma shi ya ba ta wannan zama na 'yar sarauta. Ga ta zaune shiru, amma layin da ya taso daga kafaɗa zuwa ƙeya irin na masu rawar nan ne. Ba ƙaramin abu ba ne a lokacin a ce Ibo ya zana gimbiyar Yarabawa, jinin yaƙi bai gama bushewa ba. Shi ya sa kwafen hoton ya shiga ɗakuna da yawa a kudu.

Asalin zanen kuwa ya ɓace shekara da shekaru. A ƙarshen 2017 aka gano ɗaya daga cikin ukun rataye a wani gida a arewacin Landan, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a Fabrairun 2018 kan fam miliyan 1.2. Nan take jaridu suka laƙaba masa "Mona Lisa ta Afirka". Wannan suna bai yi mini ba ko kaɗan. Leonardo da ya zana Mona Lisa ya ɓoye gwanintarsa a gefen leɓe da ido, inda ya shafe iyakar haske da inuwa, matar da ya zana kuma tana kallonka. Tutu ba ta kallon kowa, ba ta murmushi, ƙarfinta a tsayuwar jiki yake. An haɗa su ne kawai don dukansu mata ne a zaune, kuma don a ganin wasu aikin Afirka ba ya tsada sai an jingina shi da na Turai. Enwonwu kansa ya yi ta faɗa da wannan tunani, har ya gabatar da takarda kan matsalolin mai zane ɗan Afirka a taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da aka yi a Faris a 1956.

Matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun ɗauki wannan gardama suka kai ta gaba, kowa ta hanyarsa. Grillo ma ya ja wuyan matan Legas da yake zanawa, ya rina su shuɗi.